Kama Da Wane Ba Ta Wane: Ra'ayina Game Da Kintacen Siffar Mai Laifi

A hutun da ya wuce na shiga unguwar Sabo domin in sayi kilishi. Kamar yadda malamanmu suke yi mana nasiha kullum, na ƙi yin ciniki da Turanci, na dage da Hausa. Bayan mun daidaita, mai kilishin yana naɗe mini a takarda sai ya ɗago kai ya dube ni, ya ce, "Samari, kai dai a Jos ka tashi, kuma mahaifinka ko soja ne ko ɗan sanda." Na ce, "Baba, ina ka samo wannan?" Ya ce ai ya ji na ce "kara mini" a maimakon "ƙara mini", ya kuma ji na ce "kudi" a inda ake cewa "kuɗi", wannan kuwa Hausar bariki ce. Na yi dariya na biya na tafi.

Gaskiyar magana ita ce ban taɓa taka Jos ba, mahaifina kuma malamin makaranta ne. Hausata a aji na koye ta, sai 'yan watannin da muka yi a Kano domin gyaran baki. Amma a lura da wani abu. Abin da kunnen dattijon nan ya ji daidai ne, domin har yau haruffa masu lanƙwasa suna kuɓuce mini idan ina sauri. Inda ya kauce shi ne labarin da ya gina a kan abin da ya ji. Da a ce laifi aka aikata, aka naɗi muryata, aka kira shi ya saurara, da 'yan sanda suna can Jos suna bin 'ya'yan sojoji ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina nan ɗakin karatu ina fama da tsarin sauti.

Wannan ɗan abin ne ya sa na ga ya dace in yi wa 'yan uwana ɗaliban harshe magana a kan wani fanni da yawancinmu a fina-finan Amurka muka san shi, wato kintacen siffar mai laifi. Ma'anarsa ita ce masanin halayyar ɗan Adam, ko gogaggen jami'in bincike, ya dubi yadda aka aikata laifi, da wurin, da lokacin, da irin wanda aka cuta, da abin da mai laifin ya faɗa ko ya rubuta, sa'annan ya zayyana irin mutumin da ya kamata a nema: shekarunsa, sana'arsa, zurfin karatunsa, ko yana da aure, da yankin da yake zaune. A fim, masanin yakan tsaya a kan gawa ya lumshe ido na ɗan lokaci, ya buɗe baki ya siffanta mai kisan har launin motarsa. Ra'ayina shi ne wannan aiki yana da amfani matuƙar an ajiye shi a matsayinsa na kintace, wanda zai nuna wa ɗan sanda ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa. Ranar da aka ɗauke shi a matsayin shaida, ko aka yi amfani da shi wajen wanke wani ko ɗaure wani, to ya zama abin tsoro, kuma an sha asarar rayuka ta wannan hanya.

Abin ba sabo ba ne. Tun a 1888 wani likitan 'yan sandan Landan mai suna Thomas Bond ya rubuta siffar mutumin da yake kashe mata a unguwar Whitechapel, wanda ake kira Jack the Ripper. Har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba, don haka babu mai iya cewa likitan ya dace ko bai dace ba. Wannan ma wata matsala ce ta fannin: kintacen da ba a kama mai laifinsa ba, babu mai duba makinsa.

Labarin da ya fi shafar mu ɗaliban harshe a arewacin Ingila ya faru. Daga 1975 zuwa 1980 wani mutum ya kashe mata 13 a yankin Yorkshire da Manchester, ya kuma yi yunƙurin kashe wasu. A 1978 da 1979 wasiƙu uku suka fito daga garin Sunderland, mai rubuta su yana cewa shi ne mai kisan. A watan Yuni na 1979 kuma sai ga kaset ya iso hannun George Oldfield, babban jami'in da yake jagorantar binciken, a ciki wani mutum yana yi masa ba'a cewa ya kasa kama shi. 'Yan sanda suka kai kaset ɗin wurin masana ilimin furuci na Jami'ar Leeds, Stanley Ellis da Jack Windsor Lewis. Shi Ellis ba ƙaramin gwani ba ne. Ya yi shekaru yana zagaya ƙauyukan Ingila yana naɗar maganar tsofaffi domin babban aikin nan na tattara kare-karen harshen Ingilishi. Ya saurari kaset ɗin, ya je Sunderland ya naɗi muryoyin mutane, daga ƙarshe ya ce mai maganar nan daga wajen unguwar Castletown yake. Ka ji aiki! Kwatankwacin a ba ka murya ka ce mai ita ba Basakkwace ne kawai ba, har ka faɗi shiyyar da ya tashi a cikin gari.

To, daga nan ne abin ya lalace. Tambayar da masanan suka amsa ita ce, daga ina mai wannan murya yake? 'Yan sanda kuwa sai suka ɗauka an amsa musu wata tambayar dabam, wato daga ina mai kisan yake? Aka kashe kuɗi masu yawa wajen yayata kaset ɗin, aka sa shi a rediyo da talabijin, aka buɗe layin tarho da kowa zai buga ya ji muryar. Mafi muni, aka mayar da karin harshen ya zama rariya: duk wanda ake zargi, idan bakinsa ba na Sunderland ba ne, sai a ajiye fayil ɗinsa gefe. Masanan biyu da kansu sun ja kunnen 'yan sanda cewa mai yiwuwa kaset ɗin na wani maƙaryaci ne, kada a wanke kowa saboda lafazinsa, amma ba a saurare su ba. Haka kuma akwai matan da suka tsira daga hannun mai kisan, waɗanda suka ji muryarsa da kunnensu, suka ce bakinsa na Yorkshire ne. Su ma ba a ba maganarsu nauyi ba.

Mai kisan, Peter Sutcliffe, direban babbar mota ne a Bradford, kuma sau tara 'yan sanda suka yi masa tambayoyi suna sallamarsa. Bayan isowar kaset ɗin ya kashe ƙarin mata uku, biyu daga cikinsu ɗaliban jami'a ne kamar ni da kai. Da aka tashi kama shi a ranar 2 ga Janairu 1981 a garin Sheffield, ba kintace ne ya kama shi ba. 'Yan sandan sintiri ne suka ga lambar motarsa ta jabu ce. Shi kuwa mai kaset ɗin sai a 2005 aka gano shi, ta hanyar gwajin DNA da aka yi wa yawun da ya lashi ambulan da shi. Sunansa John Humble, kuma a wata unguwa kusa da Castletown ya tashi. A 2006 aka yanke masa ɗaurin shekara takwas. Wato dai kunnen Ellis bai yi ƙarya ba ko kaɗan, kamar yadda kunnen mai kilishi bai yi ƙarya ba.

Akwai wani ɓangare na wannan labari da ba a cika faɗa ba. Tun da wuri jami'an suka ƙulla a ransu cewa mai kisan karuwai kawai yake farauta, saboda haka macen da aka kai wa hari wadda ba ta dace da wannan hoto ba, sai a cire ta daga lissafi tare da bayanin da ta bayar. Har sukan bambanta matan da suka kira "marasa laifi" da sauran, sai ka ce sauran sun cancanci a kashe su. A watan Nuwamba na 2020, lokacin da Sutcliffe ya mutu a tsare, rundunar 'yan sandan West Yorkshire ta nemi gafarar iyalan matan a kan irin kalmomin da manyanta suka yi amfani da su a wancan zamani. Mu da muke nazarin ma'ana, ga misali nan na yadda kalma guda take karkatar da bincike baki ɗaya.

Masu kare wannan fanni za su ce, ai wannan kuskuren 'yan sanda ne, ba na masu kintace ba, kuma za su kawo labarin George Metesky. Shi wannan mutum ya dasa bama-bamai fiye da 30 a birnin New York tsakanin 1940 da 1956, yana kuma aika wasiƙu na zagin kamfanin wutar lantarki na Con Edison. A ƙarshen 1956 'yan sanda suka je wurin wani likitan ƙwaƙwalwa, James Brussel, suka nuna masa wasiƙun da hotuna. Yadda labarin ya shahara, likitan ya ce a nemi gwauro mai tsafta, wanda ya manyanta, mai asali daga gabashin Turai, mai zama da wata 'yar uwarsa, kuma ranar da za a kama shi za a same shi sanye da kwat mai maɓalli layi biyu, a ɓalle. Da aka je gidan Metesky a garin Waterbury a Janairun 1957, aka same shi yana zaune da 'yan uwansa mata biyu. Da kayan barci ya buɗe ƙofa, aka ce ya je ya sa tufafi, sai ga shi ya fito da irin wannan kwat ɗin, a ɓalle.

Labari ne mai daɗi, ni ma da na fara jin sa sai da tsikar jikina ta tashi. Sai dai wanda ya fi yayata shi shi ne Brussel da kansa, a littafin da ya fitar a 1968. Waɗanda suka koma suka duba abin da ya faɗa tun asali sun tarar da wasu abubuwan da littafin bai damu da su ba. Ya ce a nemi mai tabo a fuska, Metesky ba shi da tabo. Ya ce mai aikin dare ne, alhali mutumin kusan ba shi da aikin yi tun da ya ji rauni a 1931. Ya nuna wajen White Plains, mutumin kuwa yana Waterbury. Kwat ɗin ma, a wancan zamani ba abin mamaki ba ne a jikin dattijo. Wadda ta gano shi a zahiri wata ma'aikaciyar kamfanin ce, Alice Kelly, da ta zauna tana bin tsofaffin fayilolin ma'aikatan da suka nemi diyya, ta ci karo da wasu kalmomi irin waɗanda mai bam ɗin yake rubuta wa jarida. Aikin haƙuri ne na karatu da kwatanta rubutu, irin wanda muke yi idan an ba mu matani biyu a aji.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wato yadda kintace yake kama da aikin ɗan duba. Duk wanda ya taɓa jin yadda mai bugun ƙasa yake magana ya san salon: "Na ga wata mace, ba doguwa ba ce can, ba kuma gajera ba, tana yi maka dariya amma cikinta ba haka yake ba." Wa zai rasa irin wannan mace a danginsa? Wani masani a Ingila, Laurence Alison, da abokan aikinsa sun gwada wannan a 2003. Suka ba jami'an 'yan sanda kintace guda, sa'annan suka ba wasu bayanin mai laifin na gaskiya, wasu kuma suka ba su bayanin wani mutum na ƙage wanda ya saɓa masa. Ɓangarorin biyu duk suka ga kintacen ya dace da mutumin da aka ba su. Maganar da take da faɗi irin haka, kowa ka sa mata sai ta yi masa daidai, kamar babbar riga.

Tushen ilimin ma ba shi da zurfin da fina-finai suke nunawa. Shahararren rabon da hukumar FBI ta yi, na masu kisa masu tsari da marasa tsari, ya samo asali ne daga hirar da John Douglas da Robert Ressler da abokan aikinsu suka yi da fursunoni 36 a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980. Mutum 36, waɗanda aka riga aka kama, waɗanda kuma suka yarda su yi magana. Ɗan uwa, idan ka kai wa malamin da yake duba kundinka bayanin mutum 36 da ka tsinta a tasha, ka ce da shi za ka yanke hukunci a kan karin harshen Katsina gaba ɗaya, ka san jan biron da za ka sha. A 2004 David Canter da abokansa suka gwada wannan rabo a kan masu kisa 100 na Amurka, ba su ga ya tsaya da ƙafafunsa ba, domin kusan kowane mai kisa yana da alamun ɓangarorin biyu. Kafin nan, a 1995, wani jami'in 'yan sandan Birtaniya, Gary Copson, ya bi diddigin shari'o'i 184 da aka nemi shawarar masu kintace. Yawancin jami'an sun ce shawarar ta amfane su, amma inda ta kai ga gano mai laifin bai kai kashi uku cikin ɗari ba.

Idan kintace bai kama kowa ba, asarar lokaci ce kawai. Idan ya kama wanda bai ji ba bai gani ba fa? A watan Yuli na 1992 aka kashe wata matashiya a filin shaƙatawa na Wimbledon a Landan, a gaban ɗanta ɗan shekara biyu. Masanin halayya Paul Britton ya zayyana siffar mai kisan, 'yan sanda suka ga ta yi kama da wani gwauro mai yawo da karensa a filin, Colin Stagg. Babu wata shaida da ta haɗa shi da kisan. Sai aka ɗana masa tarko: wata 'yar sanda ta yi shigar burtu a matsayin mai son sa, ta yi watanni tana rubuta masa wasiƙu tana jan sa ya amsa laifin. Bai amsa ba, amma duk da haka aka gurfanar da shi, ya yi wata 13 a tsare. A 1994 alƙali ya yi fatali da wannan shaida, ya kira dabarar yaudara, aka sallame shi, sai dai jaridu da jama'a sun ci gaba da yi masa kallon wanda ya sha da ƙyar. Mai kisan na gaskiya, Robert Napper, a lokacin da hankalin 'yan sanda yake kan Stagg, ya kashe wata mata da 'yarta 'yar shekara huɗu a 1993. Sai a 2008 ya amsa kisan Wimbledon, bayan gwajin DNA ya nuna shi. A shekarar ce aka biya Stagg diyyar fam 706,000. Shekara 16 na rayuwar mutum ke nan.

Kada a ce na yi son kai, akwai inda abin ya yi rana. A 1986 David Canter, wanda muka ambata, ya taimaki 'yan sandan Landan wajen neman mai yi wa mata fyaɗe da kisa a kusa da tashoshin jirgin ƙasa. Bai lumshe ido ya shiga zuciyar kowa ba. Taswira ya shimfiɗa, ya jera laifuffukan bisa shekarunsu, ya ce mutum yakan fara ɓarna kusa da inda ya sani kafin ya yi nisa, don haka a duba yankin Kilburn. Sunan John Duffy yana can ƙasa a cikin jerin mutane kusan dubu biyu da ake zargi, wannan bayani ya ɗago shi sama, aka sa masa ido, aka kama shi, sauran shaidu suka ɗaure shi a 1988. Wannan shi ne aikin kintace a wurina, ya ce a fara da wane kafin wane. Bai cire kowa daga jerin ba, kuma ba shi aka kai gaban alƙali ba.

Haka ma labarin Theodore Kaczynski, wanda ya yi ta aika bama-bamai ta gidan waya a Amurka daga 1978 zuwa 1995, ya kashe mutum 3 ya raunata 23. Shekara da shekaru kintacen hukuma yana kai-kawo, yau a ce mai alaƙa da jami'a ne, gobe a ce makanikin jirgin sama ne. Da ya matsa aka buga dogon rubutunsa mai kalmomi kusan 35,000 a jaridar Washington Post a Satumbar 1995, sai harshensa ya tona masa asiri. Masanin harshe Roger Shuy ya lura da yadda yake rubuta wasu kalmomi da wata tsohuwar ƙa'ida da wata jaridar Chicago ta taɓa bi, ya ce mai yiwuwa a can ya tashi kuma ya manyanta. A Chicago kuwa aka haife shi, a 1942. Amma wanda ya ambaci sunansa ƙanensa ne, David, bayan matarsa ta matsa masa ya karanta rubutun, ya ji salon wansa a ciki. Daga nan jami'in FBI James Fitzgerald ya jera rubutun da tsofaffin wasiƙun gida yana kwatantawa, har da wani karin magana na Turanci da mutumin yake juya gabansa baya, saɓanin yadda yawancin mutane suke faɗa. Wannan ya taimaka aka sami izinin binciken bukkarsa a jihar Montana a watan Afrilu na 1996. Abin da ya ɗaure shi kuwa shi ne abin da aka tarar a cikin bukkar, har da bam da aka gama haɗawa.

Wani zai ce, duk wannan labarin Turai da Amurka ne, ina ruwanmu? Ruwanmu yana da yawa. Mu ma muna da masu kisan ɗauki ɗai-ɗai. A 2019 an yi ta tsintar gawarwakin mata a ɗakunan otal a Fatakwal, har mata suka fito zanga-zanga. Wanda aka kama, Gracious David-West, hoton kyamarar tsaro ta wani otal ne ya bazu ya fallasa shi, kuma a 2020 kotu ta yanke masa hukuncin kisa. Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne muryar waya. A yau masu garkuwa da mutane ta waya suke cinikin kuɗin fansa, kuma sau nawa muka ji an ce, "Ai Hausa suke yi," ko "Bakinsu na Fulani ne," daga nan magana ta ƙare? Wannan ma kintace ne, sai dai na kan titi, wanda babu Ellis a cikinsa ballantana mai ja masa kunne.

Ni da nake wannan rubutu ina jin Hausa, ina rubuta ta, kuma ba Bahaushe ba ne. Miliyoyin mutane haka suke, daga Filato zuwa Taraba, daga barikin soja zuwa kasuwar shanu. Harshen da ya zama na ciniki da zirga-zirga ba ya nuna ƙabilar mai magana da shi. Ban da haka ana aron baki da gangan. A ajinmu akwai wanda idan ya ga dama zai yi maka "shina zuwa" da "ɗiyata" da "biyat" har ka rantse daga Sakkwato aka kawo shi, alhali ko Zariya bai taɓa wucewa ba. Mai laifin da ya san ana sauraron bakinsa, me zai hana shi yin haka? Humble ma da nasa bakin na gaskiya ya yi magana, ya ɓatar da runduna guda wata goma sha takwas.

Inda irin wannan zato yake kaiwa kuwa mun gani. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, 'yan banga suka tare wata babbar mota ɗauke da mafarauta 'yan Arewa da suke komawa gida Kano daga jihar Ribas domin Sallah. Aka ga bindigogin farauta, aka ji harshe, aka ga kama, aka yanke cewa masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16 daga cikinsu. Yankin yana fama da satar mutane, wannan gaskiya ne, tsoron jama'a ba ƙarya ba ne. Amma tsakanin "sun yi kama da waɗanda muke tsoro" da "su ne", akwai tazarar da bincike ne kaɗai yake cike ta, kuma ba a yi shi ba. Na san akwai bambanci tsakanin masani mai taswira da taron fushi a bakin hanya. Duk da haka tsallen da suke yi idan sun yi kuskure iri ɗaya ne, daga alama zuwa hukunci.

Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ta yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararre a fannin kimiyya ko fasaha, da kuma wajen tantance rubutun hannu, ta kuma buɗe ƙofa ga shaidar da aka samo daga na'ura. Ke nan ba abin mamaki ba ne wata rana a kira ɗaya daga cikinmu, musamman mu da muke karatun Hausa a wannan ɓangare na ƙasa inda masu digiri a kanta ba su da yawa, a kunna masa murya a ce, "Malam, faɗa mana ko wane ne wannan." Idan ni aka kira, abin da zan iya faɗa shi ne: wannan mai magana yana bambanta "k" da "ƙ" ko ba ya bambantawa, yana kiyaye jinsi ko yana cewa "yarinya ne", yana cewa "shi" a inda Bakano zai ce "ya", kuma ana samun waɗannan siffofi a wurare kaza da kaza, a bakin 'yan gida da kuma waɗanda suka zauna da su. Zan ƙara da cewa muryar minti biyu ta waya ba ta da yawa, kuma ana iya kwaikwayo. Ƙabilarsa, ko addininsa, ko cewa shi ne ya aikata laifin, wannan ba ya cikin abin da aka koya mini. Na san jami'in da yake gaggawa ba zai ji daɗin wannan amsa ba, zai fi son irin ta mai kilishi.

Ko wannan ɗan abin ma ba za mu iya faɗarsa da ƙarfin gwiwa ba sai muna da abin kwatantawa. Ellis ya iya nuna Castletown ne domin an riga an yi shekaru ana naɗar maganar mutane gari-gari, ana ajiyewa. Littattafan da muke karantawa sun yi bayanin Sakkwatanci da Katsinanci da Kananci da Zazzaganci, amma Hausar da muke ji kullum a nan ita ce ta Sabo, da ta kara, da ta 'yan acaɓa, da ta jikokin fatake waɗanda aka haifa a kudu suka tashi da harshe biyu ko uku a baki. Kowace shekara 'yan aji huɗu suna neman batun kundi, kuma kowannenmu yana da wayar da take naɗar murya a aljihunsa. Ina roƙon sashenmu ya duba yiwuwar ba wasu daga cikinmu wannan aiki, a naɗa da izinin masu magana, a rubuta inda kowa ya tashi da inda ya koyi harshen, a adana a sashe. Ni na riga na yi wa Baba mai kilishi magana, ya ce ya yarda in naɗe shi, da sharaɗin in fara gyara "ƙ" ɗina.